A Kare Tseren 'Yan Mata Ba Tare da An Tona Asirin 'Ya'yanmu Ba

Sharhinmu na yau ya shafi tambayar da ta hana majalisu da kotunan manyan ƙasashe sakat, wadda kuma ko ba daɗe ko ba jima za ta iso filin makarantar da ke unguwarku: wa ya cancanci shiga gasar 'yan mata, wa zai tantance, kuma ta wace hanya? Duk shekara idan lokacin gasar makarantu ya zagayo, wadda ɗalibai ke kira Intako, za ka ga 'yan Sakandaren Salaga da na T.I. Ahmadiyya, da 'yan Sakandaren Yendi da na Dagbon State, da 'yan makarantun Bawku, kowa na sharar fili yana atisaye, maza gefe guda, mata gefe guda. Matsayina a kan wannan rabo a fili yake, kuma zan kawo hujja a kansa. Rabon daidai ne, wajibi ne a kare shi. Amma hanyar kare shi ita ce takardar haihuwa da rajistar makaranta da bincike cikin sirri. Duba tsiraicin yara ko gwajin ƙwayoyin halittarsu ba shi da gurbi a wasannin makaranta, kuma ya kamata Hukumar Ilimi ta Ghana ta rubuta haka ƙarara tun kafin a wayi gari an kunyata wata yarinya a bainar jama'a.

Mu fara da dalilin rabon kansa, domin wanda bai yarda da shi ba ba zai fahimci sauran maganar ba. Kafin balaga, tazarar da ke tsakanin yaro da yarinya a guje ko tsalle ba ta da yawa. Da zarar balaga ta zo, sinadarin testosteron yakan ƙaru sosai a jikin namiji, har ya ninka na mace wajen sau 15, ya ƙara masa tsawo da ƙarfin ƙashi da kaurin tsoka da girman zuciya da huhu. Sakamakon yana rubuce a kundin wasanni. Usain Bolt ya yi mita 100 cikin sakan 9.58 a 2009, alhali bajintar mata da Florence Griffith-Joyner ta kafa tun 1988 sakan 10.49 ce. A mita 800, David Rudisha na Kenya ya yi minti 1 da sakan 40.91 a 2012, bajintar mata kuwa minti 1 da sakan 53.28 ce tun 1983. Tazarar gudu ke nan ta kashi 10 zuwa 12 cikin 100, ta tsalle da jifa ma ta fi haka. Da za a haɗa maza da mata a tsere ɗaya a sakandare, da wuya yarinya ta leƙa zagayen ƙarshe, balle ta ɗauki kofi. Ware wa mata nasu rukuni shi ya ba Mukarama Abdulai ta Tamale damar cin ƙwallo 7 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Uruguay a 2018, ta dawo gida da takalmin zinare. Saboda haka duk mai cewa rabon nan tsohon yayi ne, haƙƙin 'ya'yanmu mata yake neman zubarwa.

To ina gardamar ta samo asali? Daga Amurka ta fi tasowa, inda dokar 1972 da ake kira Title IX ta buɗe wa 'yan mata ƙofar wasannin makaranta, inda kuma yanzu ake ja-in-ja kan ɗaliban da aka haifa maza suka sauya jinsi suna neman shiga rukunin mata. Jihar Idaho ce ta fara kafa dokar hana su a watan Maris na 2020, jihohi fiye da 25 suka bi sahu, sannan a ranar 5 ga Fabrairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya ɗora gwamnatin tarayya a kan wannan turba. Abin lura a nan shi ne yadda dokar Idaho ta tanadi tantancewa: idan aka yi jayayya a kan jinsin wata ɗaliba, sai ma'aikacin lafiya ya tabbatar ta hanyar duba al'aurarta, ko ƙwayoyin halittarta, ko yawan testosteron a jininta. Ma'ana, kowace yarinya a jihar tana iya faɗawa cikin wannan bincike muddin wani ya nuna ta da yatsa. Jihar Utah ta nuna mana girman matsalar da kuma girman illar maganin. Gwamnanta Spencer Cox ya bayyana a 2022 cewa cikin ɗaliban sakandare kusan 75,000 masu wasanni, 4 ne suka sauya jinsi, ɗaya tak ke wasa a rukunin mata. A shekarar kuma aka ji cewa iyayen wasu yara da aka kayar a gasa sun kai ƙarar yarinyar da ta kayar da su, hukumar wasannin makarantu ta bi takardunta har zuwa ajin renon yara, aka tarar mace ce tun ran gini tun ran zane. Laifinta kawai ta yi nasara, kuma ba ta yi kama da abin da wasu ke tsammanin mace ta yi kama da shi ba.

Wannan darasi ya fi shafarmu fiye da Amurkawa, masu sauraro, domin ku dubi 'yan matanmu. A makarantun gwamnati na Ghana al'ada ce ɗalibai mata su aske gashi ƙasa-ƙasa. Yarinyar ƙauyukan Salaga ko Yendi ta taso tana ɗaukar doya daga gona, tana tsintar kaɗanya, tana ɗebo ruwa da itace, tana dakan sakwara. Ta Bawku ta saba da ban ruwan albasa da sussukar gero. Irin wannan rayuwa takan gina damtse da kafaɗa. Wata muryarta kauri gare ta, wata ƙirjinta bai fito da wuri ba, wata kuma yawan atisaye da ƙarancin abinci mai gina jiki kan jinkirta mata al'ada. Idan aka ce ido ne zai yanke hukunci, waɗannan su ne za a fara zargi, kuma su ne gwanayenmu. Dokar da ta ba kowa damar cewa "waccan ba mace ba ce, a duba ta" makami ce a hannun duk kocin da aka kayar da duk uban da ya ji haushi. A garin da kowa ya san kowa, kalma ɗaya a bakin fili ta isa ta zaga kasuwa kafin magariba, ta shiga WhatsApp, ta bi yarinya har ranar da za a zo neman aurenta.

Tarihin manyan wasanni ya riga ya gwada hanyar duba jiki, kuma sakamakon bai yi daɗi ba. A gasar Turai ta 1966 a Budapest an sa 'yan wasa mata sun bi layi tsirara gaban likitoci. A 1968 Kwamitin Olamfik ya koma gwajin ƙwayoyin halitta. A 1985 gwajin ya kama María José Martínez-Patiño ta Sifen, wadda jikinta ba ya amfani da sinadarin namiji ko kaɗan. Labarin ya fita a jaridu, ta rasa tallafin karatu da lambobinta da wanda zai aure ta, sai a 1988 aka wanke ta. A Atlanta a 1996 an gwada mata 3,387, aka sami 8 masu ƙwayar halittar maza da ake kira SRY, kuma bayan ƙarin bincike duka takwas ɗin aka bar su suka yi wasa, abin da ya sa Kwamitin ya daina gwajin kowa da kowa a 1999. A nahiyarmu ma ba mu tsira ba, kuma da hannunmu a ciki. A gasar ƙwallon mata ta Afirka ta 2010, Najeriya da wasu 'yan wasan Ghana sun zargi Equatorial Guinea da sa maza a tawagarta, Genoveva Añonma kuwa ta shaida wa BBC a 2015 cewa an taɓa sa ta tuɓe tsirara gaban jami'ai don ta nuna ita mace ce. Barbra Banda ta Zambiya an hana ta buga gasar Afirka ta 2022 a Maroko kan batun jinsi, sai ga ta a gasar duniya ta 2023, a 2024 kuma aka zaɓe ta gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka. Waɗannan manya ne masu suna, wasu da lauyoyi da hukumomi a bayansu, amma sun sha wuya. Ina ga 'yar shekara 15 a ajin farko na sakandare?

Na san abin da wasu za su ce: idan ba a duba ba, ai wata makaranta za ta sa wa yaro siket ta ci kofi da shi. Amsar tana cikin yadda muke rayuwa. Yaron da aka haifa a Salaga ko Yendi ko Bawku, ungozoma ta gan shi, an yi masa suna ranar bakwai gaban dangi da liman, an rubuta jinsinsa a katin awo, an sake rubutawa a rajistar firamare, an ɗauki hotonsa a takardar jarrabawar BECE, a sakandare kuma yana kwana a ɗakin maza ko na mata. Namiji ba zai iya ɓuya cikin 'yan mata shekara da shekaru a makarantar kwana ba. Maguɗin da ya addabi wasanninmu na gaskiya shi ne na shekaru da na 'yan haya, wato a kawo wanda ya girme wa ajin, ko wanda ba ɗalibi ba ne sam, a ba shi rigar makaranta. Ba mu manta ba cewa a 2022, bayan ƙarar da Maroko ta shigar, hukumar ƙwallon Afirka ta dakatar da tawagar 'yan matan Ghana, Black Maidens, daga gasa biyu ta 'yan ƙasa da shekara 17, ta ci tarar Ghana dala 100,000 kan batun shekarun 'yan wasa. Maganin wannan maguɗi da na jinsi duka ɗaya ne: takarda mai inganci tun daga haihuwa. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 2020 tana nan, rajistar jariri cikin shekararsa ta farko kyauta ce, kuma duk hedimastan da ya sa hannu a kan jerin 'yan wasa na ƙarya shi ya kamata hukunci ya hau, ba yaran ba.

Wasu kuma za su ce zamani ya ci gaba, yanzu ba tuɓewa ake yi ba, ɗan auduga ake shafawa a cikin kumatu shi ke nan. Gaskiya ne hukumar guje-guje ta duniya ta dawo da gwajin SRY daga 1 ga Satumban 2025 ga matan da ke shiga manyan gasanninta. Amma Farfesa Andrew Sinclair, wanda ya gano ƙwayar halittar a 1990, ya fito ya ce ita kaɗai ba ta isa ta yanke hukunci a kan jinsin mutum ba, domin akwai wadda ke ɗauke da ita jikinta bai taɓa amfana da ita ba. Sannan a duba wahalar aiwatarwa. A watan Satumban 2025 'yan damben Faransa mata sun rasa gasar duniya a Liverpool saboda sakamakon gwajinsu bai iso a kan lokaci ba. Idan Faransa ta yi tuntuɓe, yaya za a yi a gundumar da malamin wasanni ke neman kuɗin motar kai yara Tamale ko Bolgatanga? Wa zai biya kuɗin gwajin? Wa zai riƙe sakamakon? Idan ya fito da abin da ba a zata ba, wa zai zauna da yarinyar da iyayenta ya yi musu bayani, ya kwantar musu da hankali? Ɗaukar samfurin minti ɗaya ne, amma abin da takardar za ta faɗa yana iya sauya rayuwar gida gaba ɗaya. Dokokinmu ma ba su bar ƙofar a buɗe ba. Sashe na 15 na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya ce mutuncin ɗan Adam ba abin taɓawa ba ne, sashe na 28 ya hana wulaƙanta yaro, Dokar Yara ta 1998 ta sa maslahar yaro gaba da komai, Dokar Kare Bayanai ta 2012 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsare su da kulawa ta musamman.

Yanzu ga tambaya mafi nauyi, wadda ba zan kauce mata ba. Akwai yaran da Allah ya halitta mata-maza, waɗanda halittar jikinsu ba ta tsaya sak a ɓangare ɗaya ba. Ba su da yawa, amma suna nan. Ƙidayar Kenya ta 2019 ta rubuta mutum 1,524 irinsu, dokar yara ta ƙasar ta 2022 kuma ta ambace su don ta kare su. Wata an haife ta da siffar mace, an raɗa mata sunan mace, an rene ta mace, sai da balaga jikinta ya soma fitar da sinadarin namiji da yawa, ita kanta ba ta san dalili ba. Irin wannan tana iya fin sauran gudu, kuma yarinyar da ta zo ta biyu a bayanta tana da haƙƙin jin an tauye ta. Ban raina wannan ƙorafi ba. Sai dai a auna abin da ke kowane gefe. A gefe guda lambar yabo ce ta gasar gunduma, a ɗaya gefen sirrin jikin yarinya ne da karatunta da aurenta da zamanta cikin jama'a. A matakin makaranta, wadda aka haifa aka rubuta mace aka rene ta mace ta yi wasa cikin mata. Idan ta yi fice har ta doshi tawagar ƙasa, a nan ne ƙa'idojin hukumomin duniya ke aiki, kuma tun kafin ta kai nan ya kamata likita ya zauna da ita da iyayenta cikin sirri su san abin da ke gaba. Aminatou Seyni ta Nijar ƙa'idar testosteron ta raba ta da mita 400, ta koma mita 200 har ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022. Annet Negesa ta Uganda kuwa an yi mata tiyata a 2012 don ta ci gaba da gudu, ba ta sake komawa yadda take ba. Kada a yanka jikin yaro ko a ɗura masa magani don kofi.

Akwai kuma masu fargabar cewa sassauta wa mata-maza buɗe ƙofa ne ga baƙin al'adu. Na fahimci inda fargabar ta fito. Muhawarar ƙudurin kare darajar iyali, wanda majalisar dokokin Ghana ta amince da shi ranar 28 ga Fabrairun 2024 amma shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, bai sa masa hannu ba har wa'adin majalisar ya ƙare, ta zafafa zukata, kuma daftarin farko na 2021 ya jera mata-maza cikin waɗanda yake magana a kansu. Wannan haɗi kuskure ne, domin halitta daban, ɗabi'a daban. Malamanmu sun san haka tun kafin a san Olamfik. Salaga da ta karɓi baƙuncin Alhaji Umaru, wanda daga baya ya zauna Kete Krachi, da Yendi da Bawku masu tsofaffin zaurukan karatu, duk an karanta Muhtasar na Shaihu Halil a cikinsu, littafin da ya rufe da hukuncin gadon mata-maza. Fiƙihu ya ba su kaso a gado, ya tsara musu matsayi a sahun salla, bai ɗauke su masu laifi ba. Addinin da ya yi haka shi ne ya haramta kallon al'aura ba da larura ba, ya hana mugun zato da bin diddigin mutane, ya yi alkawarin rufin asiri ga mai rufa wa ɗan'uwansa. Kirista da mai bin addinin gargajiya a garuruwan nan ma ba wanda zai yarda a tuɓe 'yarsa gaban malaman makaranta. Kare waɗannan yara daga cikin tarbiyyarmu ya fito.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi, kuma bai fi shafi ɗaya ba. Hukumar Ilimi ta Ghana, ta hannun daraktocinta na yankunan Savannah da Arewa da Upper East, ta fitar da ƙa'ida a rubuce cewa rukunin mata na waɗanda aka rubuta mata ne tun haihuwa, kuma takardar haihuwa ko katin awo da rajistar makaranta sun isa shaida. A tantance takardu kafin ranar gasa, shekaru da jinsi da zama ɗalibi lokaci guda. Duk mai ƙorafi ya rubuta shi da sunansa ya miƙa wa darakta, wanda ya yi shela a fili ko a intanet a hukunta makarantarsa. A haramta wa malami da koci da alƙalin wasa duba jikin ɗalibi ko tilasta masa gwaji. Inda larurar lafiya ta bayyana, a mayar da maganar ga iyaye da likita, a Asibitin Koyarwa na Tamale ko wani asibiti mai ƙwararru, sakamakon kuma ya tsaya a wurinsu. Sauran ƙarfinmu mu kai shi inda 'yan matanmu ke asara kowace rana: filin da ba a gyara ba, takalmin da babu, audugar mata da makewayi a wurin gasa, malamar wasanni mace da za ta raka su, auren wuri da ke cire su daga aji, da rashin zaman lafiya da dokar hana fita da suka sha katse karatu da atisaye a Bawku. Iyaye, ku yi wa jariranku rajista tun cikin shekarar farko. Hedimastoci da shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai, ku sa wannan batu a taronku na gaba, ku aika wa ofishin ilimi na gunduma buƙatarku a rubuce kafin gasar bana ta zo.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba Salaga da Yendi da Bawku da Ghana baki ɗaya zaman lafiya.